KUKAN KUNNE: CIWON DA MAI SHI KAƊAI KE JI

Daga cikin cututtukan da ke damun mutanen karkara akwai wanda ba a cika kai shi gidan likita ba, domin ba shi da kumburi, ba shi da miki, mai shi kuma yana zuwa gona yana komowa kamar kowa. Wannan ciwo shi ne kukan kunne, wanda likitoci ke kira « acouphènes » da Faransanci. Mutum yakan ji ƙara a cikin kunnensa ko a tsakiyar kansa alhali babu abin da ke ƙara a waje. Wani yakan ce tasa kamar kukan gyare take, wani kamar tafasar ruwa a tukunya, wani kamar taron ƙudan zuma, wani kuwa kamar iskar hunturu in ta sami ƙofa a buɗe.

Kusan kowa ya taɓa jin irin wannan na ɗan lokaci, har akan yi wa mutum ba'a a ce wani wuri ake ambatonsa. Wannan ba ciwo ba ne, kafin a gama magana ya wuce. Wanda ake nufi a nan shi ne wanda ya zauna, dare da rana, har ya haura wata 6. A shekarar 2022 wasu masana sun tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama, suka tarar kimanin mutum 14 cikin 100 na manyan mutane suna da kukan kunne, watau fiye da miliyan 740 a duniya, kuma fiye da miliyan 120 daga cikinsu abin ya tsananta gare su.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne wannan: har yau ba a sami ƙwaya ko allura da ke kashe kukan kunnen da ya daɗe ba, amma wahalar da yake jawowa tana da magani, kuma yawancin abubuwan da ke haddasa shi ana iya kauce musu. Wanda ya gane haka ya tsira da kuɗinsa, ya kuma tsira da sauran jin da ya rage masa.

Dogo-Dogo da maƙwabtanta

Dogo-Dogo ƙaramar hukumar karkara ce a kudancin jihar Damagaram, a bakin iyaka da jihar Jigawa ta Najeriya. A da tana cikin gundumar Magarya. A shekarar 2011, da aka mai da Dungas gunduma mai zaman kanta, sai ta koma ƙarƙashinta tare da Guci da Malawa. Ƙasa ce ta noman gero da dawa da wake da gyaɗa, da kiwo, da fatauci tsakanin kasuwannin iyaka. Abubuwa uku da ke ɓata kunne a ƙasashen Sahel duk sun haɗu a wannan yanki: ƙarar injuna, cutar sanƙarau, da magungunan da ake sha ko ake yi wa mutane allurarsu ba da ƙa'ida ba.

Ga kuma nisan masana. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake kira ORL, sai a manyan asibitoci kamar na birnin Damagaram ake samunsa. Wannan ƙaranci ba Nijar kaɗai ya shafa ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a kan ji a shekarar 2021 ya nuna cewa a cikin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kimanin 78 cikin 100 ba su da likitan kunne ko guda ga kowane mutum miliyan ɗaya. Saboda haka manomin Dogo-Dogo da kunnensa ke kuka, kafin ya ga masani zai fara ganin mai tallar magani, da wanzami, da maƙwabcin da ya san wani ganye. Abin da ya sani da kansa shi ne garkuwarsa ta farko.

Inda ƙarar take fitowa

Kunne kashi uku ne. Akwai na waje, wanda ake gani, da raminsa da ke ƙarewa a dodon kunne, wata fata siririya kamar ta kalangu. Bayanta akwai ɗaki ƙarami mai ƙasusuwa uku, su ne mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam. Can ciki kuma akwai wani abu mai siffar katantanwa, cike da ruwa, a cikinsa akwai ƙwayoyi masu gashi wajen dubu 15. Idan sauti ya girgiza dodon kunne, ƙasusuwan su miƙa girgizar ga ruwan, ruwan ya kaɗa gashin, gashin ya aika saƙo ta jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. A ƙwaƙwalwa ne ake ji, kunne ɗan aike ne.

Waɗannan ƙwayoyi masu gashi ba su da magaji. Wadda ta mutu ta mutu ke nan, ba ta sake tsirowa kamar farce ko gashin kai. To, idan wasu daga cikinsu suka lalace, saƙon da ƙwaƙwalwa ta saba samu sai ya ragu, ita kuwa sai ta ƙara kasa kunne, kamar mutumin da tashar da yake saurare ta yi nisa ya murɗa radiyonsa har ƙarshe. Abin da zai ji a lokacin shi ne shuuu ɗin akwatin kansa. Haka yawancin kukan kunne yake: amon jijiyoyin jiki ne da ƙwaƙwalwa ta ɗaga. Shi ya sa galibin masu wannan ciwo, idan aka auna su, akan tarar jinsu ya ragu ko da ba su lura ba.

Wani gwaji da masana biyu, Heller da Bergman, suka yi a Amurka a shekarar 1953 ya ƙara bayyana wannan. Sun sa mutum 80 masu lafiyayyen kunne, ɗaya bayan ɗaya, a cikin ɗakin da sauti ba ya shiga, na minti 5. Da suka fito, 94 cikin 100 suka ce sun ji ƙara, irin wadda masu kukan kunne ke faɗi. Ashe amon yana jikin kowa, hayaniyar duniya ce ke rufe shi. Wannan ya isa ya kwantar da hankalin wanda aka ce masa iskoki ne suka shiga kansa, ko sammu aka yi masa, ko hauka ce ke tafe. Jin ƙara dabam, jin muryoyi suna magana da mutum dabam.

Injin niƙa da ƴan uwansa

Injin niƙa ya sauke wa mata nauyin turmi da dutsen niƙa, babu mai musun alherinsa. Amma wanda ke tsaye kansa tun hantsi har magariba yana biyan wani kuɗi da ba a rubuta ba. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Hira ta yau da kullum wajen desibel 60 ce. Masana lafiyar ma'aikata sun tsai da cewa desibel 85 shi ne iyakar abin da kunne zai ɗauka na awa 8 a yini, kuma duk lokacin da aka ƙara desibel 3 sai a raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 kuwa minti 15 kacal. Awon da aka yi a gidajen niƙa a Gana da Najeriya ya nuna ƙarar takan haura 85, sau da yawa ma ta wuce 90. Ɗakin kwano ƙarami, wanda ake kafa injin a ciki saboda ƙura da ruwan sama, ƙara tsananta ta yake yi.

Ba a bukatar na'ura kafin a gane haɗari. Duk inda mutum biyu ke tsaye, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba, amma sai sun ɗaga murya kafin su ji juna, to wurin yana cin kunne. Wanda kuma ya tashi daga aiki ya ji kunnensa ya toshe yana ƙara, da safe ya ji ya warware, gargaɗi ne aka yi masa. Yau da gobe, wata rana safiya za ta yi bai warware ba.

Ba mai niƙa kaɗai ba ne. Akwai ɗan kabu-kabun da ya cire wa babur ɗinsa salansa, da mai janareto, da maƙeri, da mai walda, da makaɗi, da mai bindigar toka a ranar salla, da wanda ke zama gaban lasifika a wurin biki, da saurayin da ke kwana da abin sauraren waya a kunne. Ƙarar bindiga ɗaya kusa da kunne tana iya yin ɓarnar da injin zai shekara yana yi. A Amurka, kukan kunne shi ne kan gaba a cikin lalurorin da ake biyan tsofaffin sojoji diyya a kansu.

Kariyar ba ta da tsada. Akwai matoshin kunne na roba ko na soso da ake sayarwa, akwai kuma irin wanda ke rufe kunnuwa duka biyu. Audugar da ake cusawa ba ta rage abin kirki. Mai injin da ya kafa shi a rumfa mai buɗaɗɗen gefe, yana ɗaure ƙusoshinsa yana ba shi mai, yana kuma karɓa-karɓa da yaronsa, ya rage wa kansa cuta. Matan da ke kawo niƙa su ajiye kwanonsu su koma nesa, musamman mai goyo, domin kunnen jinjirin da ke bayanta yana shan abin da nata ke sha.

Abin da sanƙarau ke bari a baya

Nijar tana tsakiyar yankin da ake kira ɗamarar sanƙarau, wanda ya taso daga Senegal har Habasha. Cutar takan tashi da rani, lokacin ƙura da zafi. Bisa ga sanarwar OMS, daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023 an ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma 342 daga cikin masu ciwon a gundumar Dungas suke. Sauran sun fito daga Matamaye, Mirya, Magarya, birnin Damagaram da Gure.

Idan annoba ta wuce, akan ƙirga waɗanda suka rasu da waɗanda suka warke, a rufe littafi. Amma OMS ta ce kimanin mutum 1 cikin 5 na waɗanda suka tashi daga sanƙarau suna fita da wata lalura mai daɗewa, kuma raunin ji yana cikin waɗanda suka fi yawa. Babba yakan iya cewa kunnensa yana kuka. Yaro ɗan shekara 6 ba shi da wannan magana. Abin da za a gani kawai shi ne ana kiransa ba ya waiwayowa, yana yawan fushi, barcinsa ba ya nisa, a lakwal kuma mushe ya ce ya koma baya. Sau da yawa bulala yake samu a inda ya kamata a auna kunnensa. Ƙa'idar likitoci ita ce duk wanda ya yi sanƙarau a duba jinsa kafin a sallame shi, ko a cikin mako 4 bayan sallama.

Rigakafi ya fi magani. Allurar MenAfriVac, wadda aka fara a Nijar da Mali da Burkina Faso a shekarar 2010, ta karya lagon nau'in da ake kira A. Nau'in C ne ya yi ɓarna a Nijar a 2015, shi ne kuma ya fi yawa a Damagaram a 2023. A shekarar 2024 aka fara aiki da wata sabuwar allura mai tare nau'i biyar, a Najeriya da farko, sannan a Nijar. Uwar da ta kai ɗanta rigakafin sanƙarau da na ƙyanda ta tsare ransa, ta tsare kunnensa.

Magani mai warkarwa, mai taɓa kunne

Duk wanda ya taɓa shan kinin ya san yadda kunne ke ɗaukar ƙugi bayan kwana biyu. Kinin tsohon magani ne: wasu masana harhaɗa magunguna biyu, Pelletier da Caventou, suka tace shi daga ɓawon itace a birnin Paris a shekarar 1820, ya kuwa ceci rayukan da ba su ƙirguwa. Ƙugin da yake sawa yakan tafi idan an gama shan maganin. Tun shekarar 2011 OMS ta fifita allurar artesunat a kan ta kinin wajen masassarar cizon sauro mai tsanani, ga manya da yara. A yankin Magarya da Dungas, inda masassara ke cika asibitoci kowace damina, wannan canji ya rage yawan masu shan kinin. Asfirin ma, idan aka sha da yawa, yana sa kunne kuka, ya daina idan an bari.

Waɗanda suka fi haɗari su ne wasu allurai na kashe ƙwayoyin cuta, irin su jantamisin, sitireftomisin da kanamisin, domin ɓarnarsu ba ta gyaruwa. A Nijar, tun shekarar 2008 aka yi ta warkar da masu tarin fuka mai gardama da wani tsari na gajeren lokaci wanda ya ƙunshi allurar kanamisin. An sami nasara ƙwarai, amma wasu sun warke da raunin ji. Daga shekarar 2018 OMS ta janye kanamisin daga magungunan da take ba da shawara, a 2022 kuma ta amince da tsarin wata 6 na ƙwayoyi zalla. Jantamisin har yanzu ana bukatarsa, yana ceton jarirai, amma a asibiti ana auna shi da nauyin mara lafiya, ana kuma ƙirga kwanakinsa. Mai yawo da jaka ƙauye-ƙauye yana yi wa mutane allura ba ya auna komai.

Wanda likita ya rubuta wa magani, ya ji kunnensa ya fara kuka, kada ya yanke shan maganin da kansa, domin masassarar da aka bari rabi da rabi tana kisa. Ya koma wurin wanda ya rubuta masa a ranar, ya faɗa masa, shi ya san abin da zai rage ko ya musanya.

Waɗanda bai kamata su jira ba

Yawancin kukan kunne ba alamar mugun ciwo ba ne. Amma akwai alamomin da in an gan su sai a bar abin da ake yi a nufi gidan likita:

1. Mutum ya wayi gari kunne ɗaya ya daina ji farat ɗaya. Wannan yana da magani, amma sai an fara shi cikin kwanakin farko. Bayan mako 2 amfaninsa kaɗan ne.

2. Ƙarar tana bugawa daidai da bugun zuciya. Wannan yakan zo daga hawan jini, ko ƙarancin jini, ko wata matsala ta hanyoyin jini.

3. Mace mai ciki ta ji kunnenta yana kuka, ga ciwon kai, ga gani dishi-dishi, ga kumburin fuska ko hannu. A auna mata tansiyo a ranar, domin alamun ciwon jijjiga na masu ciki ne.

4. Ƙarar tana kunne ɗaya kaɗai ta daɗe, ko tana tare da jiri mai ka da mutum, ko karkacewar baki.

5. Kunne yana zubar da mugunya ko jini, ko ƙarar ta fara bayan faɗuwa daga babur ko dukan kai.

6. Abin ya kai mutum ga fid da rai, har yana tunanin halaka kansa.

Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, ziyara ɗaya zuwa cibiyar lafiya ta CSI ba asara ba ce. Manjo zai haska ramin kunnen, ya auna jini, ya tambayi magungunan da ake sha. Wani lokaci dauɗar kunne ce ta taru ta toshe, ana cire ta sai ƙarar ta tafi. Ita wannan dauɗa kunne ne ke yin ta don kare kansa, kuma yana fid da ita da kansa. Gashin kaza da tsinken ashana tura ta ciki suke yi, wani lokaci su huda dodon kunne. Haka nan zuba man gyaɗa mai zafi, ko ruwan ganye, ko turare, ko kananzir: idan dodon kunne ya riga ya huje, abin da aka zuba zai wuce ciki ya ƙara ɓarna.

Zama da ƙarar

Sauran magana ga wanda aka duba, aka ce babu abin cirewa, babu abin yankewa, ƙarar kuma tana nan. Mutum biyu kan kasance da ƙara iri ɗaya, ƙarfi ɗaya, ɗaya yana harkokinsa har ya manta da ita, ɗaya kuwa ya rame ya bar kasuwa. Bambancinsu yana ga yadda ƙwaƙwalwa ta ɗauki abin. Ƙwaƙwalwa tana da mai gadi wanda ke tace sauti. Wanda gidansa ke bakin hanya ba ya jin wucewar motoci, uwa kuwa tana cikin barci mai nauyi motsin jinjirinta kaɗan ya tashe ta. Sautin da mai gadin ya ɗauka haɗari ne, shi yake miƙawa gaba kullum. Idan mutum ya tsorata da ƙarar, yana saurarenta yana auna ko ta ƙaru, to ya gaya wa mai gadin ke nan cewa abin tsoro ce. Tsoro ya hana barci, rashin barci ya ƙara ƙarar, ƙarar ta ƙara tsoro.

A kan wannan fahimta ne wani masani mai suna Jastreboff ya kafa hanyarsa a shekarar 1990, ta koya wa ƙwaƙwalwa sabo da ƙarar. A yau hanyar da bincike ya fi tabbatar da amfaninta ita ce zama da masanin halayyar ɗan Adam, a warware tunanin da ke tsorata mai ciwon, a koya masa sababbin ɗabi'u. Irin waɗannan masana ba su kai ƙauye ba, amma ginshiƙan aikinsu kowa yana iya ɗauka.

Na farko shi ne sani. Wanda ya tabbata cewa ƙarar ba ta kisa, ba ta haukatarwa, ba kuma ita ce ke kurmantar da shi ba, ya sauke rabin kayan. Mafi yawan masu wannan ciwo sukan sami sauƙi da wucewar watanni, ko da amon bai tafi ba.

Na biyu, a guji shiru. Dare a ƙauye ba shi da hayaniya, shi ya sa a lokacin ne ƙarar ke cika kai. Fitila a tsakar rana ba ta ɗaukar ido, da dare kuwa ana hango ta daga nesa. A kunna radiyo ƙasa-ƙasa kusa da shimfiɗa, ko karatu ko wani sauti mai daɗi a waya, ko fanka inda akwai wuta. Da bazara, kwana a tsakar gida inda ake jin iska da motsin dabbobi ya fi ɗakin da aka rufe. Ƙa'idar ita ce kada sautin ya danne ƙarar gaba ɗaya: a bar shi ƙasa da ita kaɗan, su gauraya, domin ƙwaƙwalwa ba ta sabawa da abin da ba ta ji. Kada kuma mutum ya riƙa yawo da toshe a kunne a wurin da babu hayaniya, wannan ƙara fito da amon yake yi. Matoshi na gidan niƙa ne da maƙera.

Na uku, a gyara barci. A riƙa kwanciya da tashi a lokaci ɗaya. Bincike bai tabbatar da cewa shayi ko goro suna kawo kukan kunne ba, amma shayi mai kauri bayan isha'i yana korar barci, rashin barci kuwa abokin ƙarar ne. Wanda ya kwanta barci ya ƙi zuwa, gara ya tashi ya yi wani ɗan aiki mara nauyi har ya ji gyangyaɗi, da ya kwanta yana sauraren kansa. Jan numfashi a hankali, a riƙe kaɗan, a sake shi sannu-sannu, sau 10 ko fiye, yana sassauta jiki.

Na huɗu, kada a bar mutane. Mai raunin ji yakan gaji da cewa « me ka ce? », sai ya janye daga majalisa, ya daina zuwa suna da ɗaurin aure. Kaɗaici kuwa abincin ƙarar ne. Aikin hannu, hira, karatun yaƙi da jahilci, duk abin da ke ɗauke hankali magani ne. Iyali su ma suna da aiki: su fuskanci mutum in za su yi masa magana, su yi ta a fili ba da tsawa ba, su kuma daina cewa raki ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na biyar, ga wanda jinsa ya ragu sosai, na'urar ƙara ji takan yi aiki biyu: ta dawo da muryoyin mutane, muryoyin kuma su rufe amon. Sai dai a fara auna kunnen a asibiti, a daidaita na'urar da shi. Wadda aka saya a kasuwa ba awo tana iya ƙara cutarwa.

Game da magungunan da ake talla a kasuwa da radiyo da waya, masu cewa suna kashe kukan kunne cikin mako ɗaya, babu hukumar magunguna a Turai ko Amurka da ta amince da wata ƙwaya a kan wannan ciwo. Ganyen ginko, wanda aka fi yayatawa, an gwada shi sau da yawa ba a ga ya fi ƙwayar banza ba. Buhun geron da za a sayar don irin wannan magani ya fi amfani a rumbu.

Abin da ya rage ga hukuma

Kowace shekara, ranar 3 ga Maris ita ce ranar ji ta duniya. Bai kamata ta tsaya a Yamai ba. Shugabannin ƙaramar hukuma da sarakuna suna da ikon cewa kada a kafa injin niƙa jikin lakwal ko gidan likita, su kuma nemi masu injuna su tanadi matoshin kunne ga yaransu. Shugabannin lafiya na gunduma suna iya tabbatar da cewa kowace CSI tana da fitilar duba kunne mai aiki, da rajistar yaran da suka tashi daga sanƙarau don a bi sawunsu. Malaman makaranta su mai da yaron da ba ya ji sosai layin gaba, su sanar da iyayensa. Masu sa ido a kan magunguna su tsananta wa masu allurar yawo. Waɗanda suka sami ilimin karatu a azuzuwan yaƙi da jahilci kuwa, su ne bakin wannan shafi a ƙauyukansu: su karanta wa mai niƙa, su karanta wa mai ciki, su karanta wa tsohon da ya daina fitowa majalisa. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To, shi kunnen ma yana bukatar a tsirar da shi.